Lamba Goma Sha Bakwai, Gangare

Mabuɗin ya fi tafin hannuna tsawo.
Sai ka tallafi ƙofar da gwiwa kafin ya juya.
Haka Malam Barau ya bar ta,
haka na ga ubana yana yi,
ba wanda ya taɓa faɗa mini da baki.

Kuɗin kuza ne.
Shekara goma sha ɗaya kakana na tsaye cikin ruwan Bukuru,
yana wanke wa Bature ƙasa,
sisi bisa sisi cikin gwangwanin madara,
har ya isa dutse, ya isa kwanon rufi ashirin da huɗu.
Ƙafarsa ba ta ƙara ɗumi ba har ya koma ga Mai shi.
Don haka ya sa aka gina masa murhu a falo
irin na gidan manaja,
unguwa ta yi ta zuwa kallo:
wuta cikin ɗaki, hayaƙi ta saman kai!

Kaka Tambai ba ta yarda da abin ba.
Yana rasuwa ta mai da shi rumbun dankali.

Ruwan farko in ya zo da ƙanƙara
rufin kan hana ka jin na kusa da kai.
Mu jera tasa huɗu inda yake yoyo,
kowace da irin muryarta,
ta bakin gado ce mai tsiwa.
A bangon madafa har yau akwai zanen gawayi,
lissafin masu cin wainarta bashi.
Ta mutu, sun mutu,
sanda bakwai na wani Ɗanliti suna nan tsaye.

Ɗakin baya ba ma kwana cikinsa.
Keken ɗinkin Okoli ne a can, lulluɓe da bargo.
Daren da ya kawo shi, a sittin da shida,
cewa ya yi, "Mako biyu, Malam, zan dawo."
Kakana ya zuba masa mai har ƙarfinsa ya ƙare,
ubana ya karɓa, kowace Sallah ƙarama,
ɗigo uku, ya juya ƙafar sau ɗaya
don kada mai shi ya zo ya tarar ya cije.

Fiyar tsakar gida ta miƙa reshe ta kan katanga
zuwa gidan Ngo Kaneng.
Dokar mai sauƙi ce: abin da ya faɗa can nata ne.
Ita kuma ta aiko da acca ranar Kirsimeti.
Tun shekarar da gari ya rabu biyu suka kwashe.
Reshen bai ji labari ba,
yana ta zubarwa.

Yanzu mu goma sha tara ne magada,
rabinmu murya ce kawai a waya.
Jiya wani ya zo daga Abuja da igiyar awo,
ya taka tsakar gida da takalmi,
ya ce shago takwas za su fita, da bene.
Kawu Ilyasu ya ce, gida ba ya cin tuwo amma yana cin kuɗi.
Ban musa ba. Na ga takardar asibitinsa.

Malamai za su raba ɗakuna, tsaf, ba cuta.
Amma keken fa, rabon wa zai shiga?
Ba namu ba ne.

Da magariba na kwashe tsofaffin buhuna daga murhun,
na hura wuta, karon farko tun ba a haife ni ba.
Hayaƙin ya hau, ya tarar da sheƙar tsuntsaye ta shekara hamsin,
ya dawo mana ɗaki.
'Yata Nafisa ta ruga tana tari tana dariya,
ta kama ƙofa, ƙofa ta ƙi.
Sai na ga ta ɗaga gwiwa.

Na zauna cikin hayaƙin na miƙe ƙafa.
Idona na ruwa, amma ai hayaƙi ne.